Jirgi marar matuƙi a gona: dokar sama da ya kamata ƙungiyar manoma ta sani kafin ta biya kuɗin feshi

Idan kana cikin ƙungiyar manoma a Kano, da wuya a ce ba a taɓa turo maka bidiyon jirgin nan marar matuƙi ba, wanda samari ke kira duron, yana shawagi a kan fangalin shinkafa yana zubo magani kamar yayyafi. Aikin da mutum biyu za su wuni suna yi da famfon goyo, shi cikin 'yan mintoci ya kammala. Tambayar da ke biyo baya kullum ita ce: nawa ne, kuma a ina ake saye? Amma akwai tambayar da ta riga wannan: wa ya ba shi izinin tashi, kuma a ina aka ce ya tashi?

Gonar taka ce, ko ta gado ce ko saye ko aro. Sararin da ke samanta kuwa ba naka ba ne. A tsarin mulkin Najeriya na 1999, harkar jiragen sama tana cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. Jiha ba ta ba da wannan izini, ƙaramar hukuma ba ta bayarwa, balle shugaban ƙungiya. Kuma a idon doka, duron jirgi ne, ko da bai fi tafin hannu ba.

Na rubuta wannan bayani ne ina tunanin manoman cikin ganuwa, musamman na Madabo da unguwannin da ke gindin Dala, waɗanda gidajensu ke birni amma gonakinsu na Kura, Garun Malam, Bunkure, Bagwai ko Dawakin Tofa. Dalilin zaɓar Madabo zai fito a gaba: wurin da irin wannan manomi zai fara sha'awar gwada jirgi, wato ƙofar gidansa, shi ne wurin da ya fi ko'ina haɗari a gwada shi.

Su wa ke da iko da sama

Hukumomi uku ne suka shafe ka kai tsaye, kuma mutane suna yawan cakuɗa su.

Ta farko ita ce Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA. Ita ce mai tsara ƙa'ida. Ita ke yi wa jirgi rajista, ita ke ba matuƙi lasisi, ita ke ba kamfani takardar izinin yin sana'a da jirgi. Ƙarfinta na yanzu ya samo asali ne daga Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 2006, kuma a cikin kundin ƙa'idojinta na 2023 an ware kashi na 21 kacokan don jiragen da ake tuƙawa daga nesa.

Ta biyu ita ce NAMA, hukumar da ke kula da sararin samaniya. Ma'aikatanta ne ke zaune a hasumiyar filin jirgi suna gaya wa kowane matuƙi hanyar da zai bi da tsayin da zai tsaya. Ga wani abu da Kanawa da yawa ba su sani ba: a taswirar jiragen duniya, gaba ɗaya yankin sararin Najeriya da sunan Kano ake kiransa, kuma cibiyoyi biyu ne ke raba aikin lura da shi, ɗaya a Kano ɗaya a Legas. FAAN da kake gani a ƙofar filin jirgi tana kula da gine-gine da harabar filin ne, ba ita ke ba da izinin tashi ba.

Na uku shi ne Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, a Abuja. Duron yana cikin jerin kayan da ba a shigo da su ƙasar nan sai da takardar shaidar wanda zai yi amfani da su, wadda ake taƙaita sunanta da EUC, kuma wannan ofishi ne ke bayar da ita. In babu ita, jami'an kwastan suna da hurumin riƙe kayan a filin jirgi ko tashar ruwa. Saboda haka idan wani ɗan ƙungiya mai zuwa Dubai ko Sin ya ce zai taho muku da jirgi a cikin kayansa, ku fara tambayarsa takardar nan kafin ku haɗa masa ko sisi.

Dokar ba sabuwa ba ce kamar yadda ake zato. Yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ta haifar da hukumar jiragen sama ta duniya ICAO, ta tanadi a sashe na 8 cewa jirgin da babu matuƙi a cikinsa ba zai ratsa sararin wata ƙasa ba sai da izininta na musamman. Wannan ya shafi masu gonaki a bakin iyaka irin su Maigatari, Jibiya da Illela: izinin Najeriya ba ya aiki a Nijar, can suna da tasu hukumar. A gida kuma, a watan Mayun 2016 ne NCAA ta fito fili ta hana tashin kowane jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin tsaro. Sharuɗɗan da suka biyo bayan sanarwar sun yi wa talaka nauyi: kamfani mai rajista da jarin naira miliyan 20, da naira 500,000 na duba takardu wanda ba a mayarwa. An yi wa tsarin gyare-gyare daga baya, don haka kada ka dogara da waɗannan adadi a yau, ka nemi na yanzu daga hukumar kanta. Na kawo su ne don ka ga tun farko an gina tsarin ne da kamfanoni a zuciya, ba manomi mai eka biyu ba.

Ƙa'idojin tashi na yau da kullum

Waɗannan ba su da wuyar riƙewa. Jirgin da nauyinsa ya kai giram 250 zuwa sama yana buƙatar rajista a NCAA. Ba a wuce tsayin ƙafa 400 daga ƙasa, kimanin mita 120 kenan. Dole mai tuƙi ya riƙa ganin jirgin da idonsa, ba a allon rimot kaɗai ba. Ba a bi ta kan taron jama'a. Tashin dare, da tafiya nesa inda ido ba ya kaiwa, da zubo wani abu daga sama, duk suna buƙatar izini na musamman. Ka lura da wannan na ƙarshe, domin feshi zubo abu ne daga sama. Wanda ke da izinin ɗaukar hoton biki ba shi da izinin feshi don kawai yana da wata takarda mai hatimin hukuma.

Maganar gani da ido tana da nauyi a wajenmu fiye da yadda take a takarda. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da aikin rani ke kan ganiyarsa, hazon hunturu kan sauko har manyan jirage su kasa sauka a Kano. Ranar da ba ka iya hango bishiyar da ke ƙarshen gonarka, ba ranar tashi ba ce.

Akwai ƙananan jirage irin DJI Mini da aka ƙera su da nauyin giram 249 da gangan, don su faɗo ƙasa da ma'aunin rajista a ƙasashe da yawa. Mai sayarwa zai ce maka wannan ba ruwansa da doka. Ba haka ba ne. Rashin nauyi ba ya buɗe maka sararin filin jirgi, ko bariki, ko gidan maƙwabci.

Madabo da filin jirgi

Daga Madabo zuwa Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano, a miƙe ta sama, kimanin kilomita 5 ne. A mota za ka ga kamar da nisa saboda cunkoson Ƙofar Mazugal da Fagge, amma jirgin da ke shirin sauka yana cinye wannan tazara cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Filin nan shi ne mafi daɗewa a ƙasar, tun 1925 jirage suka fara sauka a Kano, kuma ba jiragen fasinja da na alhazai kaɗai ke amfani da shi ba. Rundunar sojin sama tana da makarantar horar da matuƙa a wurin, kuma jiragen horo da masu saukar ungulu sukan yi zagaye ƙasa-ƙasa, ba lallai a kan layin da manyan jirage ke bi ba.

Bari in yi maka lissafin da zai nuna dalilin tsananin. Babban jirgi yana gangarowa ne a hankali, a kusurwar digiri 3. Ma'ana, duk kilomita ɗaya da ya rage masa zuwa titin sauka, tsayinsa ya kai kimanin mita 52. Yana kilomita 5, yana wajen mita 260 daga ƙasa. Yana kilomita 2 da 'yan kai, ya riga ya shigo cikin mita 120 ɗin nan da aka ce duron na iya kaiwa. Shi kuwa ƙaramin duron na kasuwa, idan aka cire masa takunkumin tsayi a cikin saitinsa, yana iya haura mita 260 cikin minti ɗaya ko biyu. Yaro mai rimot a kan soro ba ya jin ƙarar jirgi sai ya iso, matuƙi kuma ba ya ganin abu mai girman tattabara sai ya zo gabansa. Tsuntsu ma kan lalata injin jirgi, to ina ga abu mai ƙarfe da batir a cikinsa?

Kuma ba sai an yi karo ake asara ba. A watan Disamban 2018, rahoton ganin duron a kusa da filin jirgin Gatwick na Ingila ya sa aka dakatar da tashi da sauka na fiye da kwana guda, jirage wajen 1,000 da fasinjoji kimanin 140,000 abin ya shafa. Ka kwatanta irin wannan a Kano a makon jigilar alhazai.

Saboda haka duk birnin cikin ganuwa, da Fagge, da Sabon Gari, da Kurna, da ɓangaren Ungogo har Fanisau, ka ɗauke su a matsayin wurin da ba a tashi sai hasumiya ta sani kuma ta amince. Wannan ya haɗa da lambunan bakin Jakara, inda ake noman latas da alayyafo da kabeji daf da filin jirgin. Masu waɗannan lambuna su haƙura da duron, famfon goyo ya ishe su, dama filayen ba su da girman da za a ce ana buƙatarsa. Kada kuma ka ce ai jirgin da kansa zai ƙi tashi idan wurin haramtacce ne. Wasu suna da wannan kariya a cikin manhajarsu, wasu gargaɗi kawai suke nunawa, wasu babu komai. Laifin yana kan mai rimot.

Tsakar gida ba ta da rufi

Wannan ɓangaren ba ya cikin littattafan da masu ƙera jirage ke haɗowa da kayansu, domin ba don irin gininmu aka rubuta su ba. Madabo tsohuwar unguwar malamai ce tun zamanin Wangarawa, gida na jingine da gida, lungu na shiga lungu. Gidan Bahaushe an tsara shi ne don ya tare idon mai tafiya a ƙasa: zaure, sannan soro na biyu, sannan katanga, kafin a kai inda iyali suke. Babu wanda ya gina shi da tunanin ido zai zo daga sama. Tsakar gida a buɗe take, a gidaje da yawa makewayi ma ba shi da rufi. Kyamarar da ta tashi mita 30 a kan ƙofar gidanka tana kallon tsakar gidaje goma ko fiye a lokaci guda, ko ka yi niyya ko ba ka yi ba.

Sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin mutum da na gidansa, kuma akwai Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 da ta shafi ɗauka da adana hoton mutane. Amma gaskiyar magana, kafin a kai ga kotu, maƙwabta sun riga sun yanke nasu hukuncin, kuma ƙungiyar da sunanta ya ɓaci a unguwa da irin wannan zargi za ta daɗe ba ta farfaɗo ba. Idan an kawo jirgi don 'yan ƙungiya su gani, a ajiye shi a tabarma a zaure a duba, kada a kunna farfela. Gwaji sai a gona.

Ko a gonar ma, a karkara akwai gidajen gona da rugage. Jirgin auna fili yana ɗaukar hoton duk abin da ke ƙarƙashinsa. Ku tambayi kamfanin wa zai riƙe hotunan, kuma ku sa a rubuce cewa taswirar gonakinku ba za a ba wani ba sai da yardarku. Taswirar da ta nuna iyakar gonar kowa da yawan amfanin da ke cikinta dukiya ce, mai ba da bashi da mai sayen amfani duk suna son ta.

Dalilin da jami'an tsaro ba sa wasa da shi

Bayan filin jirgi, akwai wuraren da ko kusa ba a zuwa: barikin Bukavu da na Janguza, gidajen gyaran hali na Kurmawa da Goron Dutse, Gidan Gwamnati, Gidan Rumfa, tashoshin wuta, da manyan madatsun ruwa irin Tiga da Challawa. Na ƙarshen nan ya shafi masu noman rani, domin wasu gonakin suna kusa da bakin dam.

A watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana Zamfara a matsayin jihar da aka hana shawagin jirage. A watan Janairun 2025 kuma rundunar Operation Hadin Kai ta haramta amfani da duron a Borno, Yobe da Adamawa, bayan da 'yan ta'adda suka fara amfani da irin na kasuwa wajen kai hari. Idan ƙungiyarku tana noma a wata jiha, ku bincika halin da ake ciki a can a wannan makon, ba abin da kuka ji bara ba.

Sannan akwai tsoron da ke zukatan mutanen ƙauye, kuma tsoro ne mai dalili. Tun bayan abin da ya faru a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna, ranar 3 ga Disamban 2023, inda jirgin soja marar matuƙi ya hallaka mutane da dama a wurin Mauludi, ƙarar abu a sama ba abin wasa ba ce a karkara. Wani zai gudu, wani zai ɗauko bindigar toka, wani zai ce masu garkuwa ne ke leƙen asiri. Dokar NCAA ba za ta gaya maka ka je gaban dagaci ba, amma ni ina gaya maka. Kwana biyu ko uku kafin aiki, shugaban ƙungiya da malamin gona su je wurin mai unguwa da dagaci, a sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da shugaban 'yan sintiri, a roƙi liman ya faɗa bayan sallah. A gaya wa ardon Fulanin da ke kusa, saboda shanu suna firgita da ƙarar, kuma saboda kada a shigo da dabbobi kiwo a gefen da aka fesa.

Saye ko haya

Ra'ayina a nan a fili yake: ƙungiyar ƙananan manoma ta yi haya, kada ta saya, sai fa idan tana da ɗaruruwan kadada a haɗe da kuma wanda zai zauna kan aikin shekara gaba ɗaya. Jirgin feshi ba irin na masu ɗaukar biki ba ne. DJI Agras T40, alal misali, tankinsa lita 40 ne, kuma idan aka cika shi nauyinsa yana kaiwa kilo 90. Batir ɗaya ba ya wuce 'yan mintoci a sama da kaya, don haka sai da batura da yawa, da janareta mai ƙarfi a bakin gona, da motar ɗauka, da ruwa mai tsabta wanda ba zai toshe bakin feshi ba. Ƙara da rajista, da horar da matuƙi a makarantar da NCAA ta amince da ita, da takardar izinin sana'a, da tantancewar tsaro, da inshora. Kuɗin jirgin kansa shi ne ƙaramin ɓangare.

Ba wai izinin ba ya samuwa ba ne. Tun 2022 kamfanin Zipline yake kai magunguna asibitocin karkara a jihar Kaduna daga cibiyarsa ta Pambegua, da jirage masu tafiyar da ido ba ya kaiwa. Amma kamfani ne da ke da ma'aikatan da aikinsu kenan, bin takardu da magana da masu kula da sama.

To idan haya za ku yi, aikinku shi ne tantance wanda ya zo. Ku ce ya nuna takardar izinin sana'a ta NCAA, wadda ake kira ROC, ku duba sunan da ke kai ko shi ne sunan kamfanin da za ku biya, ku duba ranar ƙarewarta, ku duba ko feshin gona yana cikin ayyukan da aka amince masa. Ku nemi shaidar matuƙin da zai riƙe rimot a ranar, ba ta maigidansa da ke Abuja ba. Ku gwada lambar da ke jikin jirgin da wadda ke takardar rajista. Ku nemi shaidar tantancewar ofishin tsaro, da takardar inshorar da ta ɗauki ɓarnar da za a yi wa wani. Sakataren ƙungiya ya ɗauki hoton kowace a waya ya ajiye. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, ya saba. Wanda ya ce takardun suna ofis, ko ya ce shi yana da manya, ku ce ya je ya dawo da su. Idan jami'ai suka zo suka kwace jirgi ana tsakiyar aiki, kuɗinku ya tafi, lokacin feshi ya wuce, kuma shugaban ƙungiyar da ya gayyato shi zai amsa tambayoyi.

Kada a biya duka a gaba. A rubuta yarjejeniya, ko da shafi ɗaya ce, da Hausa, kowa ya sa hannu: kadada nawa, wane magani, lita nawa a kadada, wace rana, da wanda zai biya idan magani ya faɗa gonar da ba ta cikin lissafi.

Ranar feshi

A nan ne dokar sama ta haɗu da aikin da muka sani. Da famfon goyo mai lita 16, kadada ɗaya tana shan kimanin lita 200 na ruwa, ciko goma sha biyu ko sha uku kenan. Duron yana fesa kadadar da lita 10 zuwa 20. Maganin da ke cikin kadadar bai ragu ba, ruwan ne ya ragu, don haka abin da ke fitowa daga jirgin ya ninka na famfo kauri sau goma zuwa ashirin, ɗigonsa kuma ƙanana ne, yana sakinsu daga mita 2 zuwa 3 a saman shuka. Iska kaɗan ta isa ta kwashe su.

Ka duba yadda gonakinmu suke a Kadawa ko Watari: wannan rabin eka shinkafa, na kusa da shi tumatir, na gaba albasa, ga magudanar ruwa a tsakani da mutane ke wanki dabbobi ke sha. Maganin ciyawa na 2,4-D da ake yi wa shinkafa, ɗan kaɗan ya taɓa tumatir sai ganye ya murɗe, fure ya zube. Shawarata, kada ku yarda a fesa maganin ciyawa da duron a inda amfani ya cakuɗe haka. Inda jirgin ke da amfani na gaske shi ne inda maƙwabta suka haɗa kai suka shuka abu ɗaya a jere, kadada 20 ko 30, kuma ƙwaro ya faɗo wa kowa a lokaci guda, kamar tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016, ko sharon a tumatir. Haɗa filayen nan aikin ƙungiya ne, kuma shi ne ke sauko da farashi.

Maganin ya zama mai lambar NAFDAC, kuma ku gan shi a cikin robarsa ta asali kafin a zuba. Hukumar ta sanar da haramta paraquat daga farkon 2024, amma har yanzu za ka iya cin karo da shi a kasuwa. A yi feshi da sassafe kafin iska ta taso, ko da yamma lis idan ta kwanta. Ku ɗaura tsumma a kan sanda a bakin gona: in yana kaɗawa ba tsayawa, a dakata, ko da matuƙin yana sauri zai wuce wani gari. A bar tazara daga magudanar ruwa, rijiya, tafkin kifi da gidaje. Mai amya a kusa a gaya masa tun jiya. Yara za su taru, wannan babu makawa, sai a sa mutum biyu aikinsu kawai mayar da su baya, domin farfelar babban jirgi tana iya datse yatsa. Wanda ke haɗa magani shi ya fi kowa shiga haɗari tun da kaurin ya ƙaru: safar hannu, takunkumi, tabarau, da sabulu da ruwa a gefe.

Idan kuka ji ƙarar jirgin sama ko mai saukar ungulu yana tahowa ƙasa-ƙasa, duron ne zai sauka nan take, shi ne ke ba da hanya a kowane hali. A kwarin Haɗeja da Kebbi, inda akan turo jiragen feshin tsuntsayen jan-baki, wannan abu ne da ke iya faruwa.

Idan jirgi ya faɗi

In na kamfanin da kuka ɗauko ne, kada kowa ya taɓa shi sai matuƙin. Batirinsa na iya kamawa da wuta bayan ya bugu, tankin kuma akwai guba. A ɗauki hoton wurin, a rubuta lokaci da sunayen shaidu biyu, a kira mai gonar da abin ya faɗa wa tun kafin ya ji a bakin wani. Idan an ji wa mutum rauni, asibiti tukuna, a tafi da robar maganin don likita ya gani. Kai rahoto ga NCAA wajibin kamfanin ne, ku kuma ku riƙe kwafin abin da kuka rubuta.

In kuwa jirgin da ba ku san mai shi ba ne kuka tsinta a gona ko a kan soro, kada a ɗauka, kada a kai gida, kada a bar yara su cire batir ko katin hoto. A nisanta mutane, a sanar da mai unguwa, shi kuma ya kira 'yan sanda.